Daga Maƙera Zuwa Salatif: Yadda Bututun Ɗumama Gida Ya Fara Yoyo a Amurka

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Cleveland, a jihar Ohio ta Amurka, idan ya dubi gindin bangon gidajen zai ga wata 'yar ƙofar ƙarfe da ba ta kai taga ba, yawanci ta yi tsatsa, an bi ta da fenti har ta manne. Yaran yanzu ba su san amfaninta ba. Ta nan ake zuba kwal. Mota ta ja da baya, a kafa kwararo, kwal ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda tanderun ɗumama gida yake. Garin yana bakin tafkin Erie, kuma sanyinsa daga Disamba zuwa Maris ya wuce wanda kaskon garwashi da bargo ke magancewa. Ruwa kan daskare a cikin famfo har ya fasa shi.

Sana'ata a garin ita ce toshe yoyon iska a gidaje, musamman a bututun da ke kai iska mai ɗumi daga tanderu zuwa ɗakuna. Aikin rarrafe ne, a ƙarƙashin daɓe da saman silin, wuraren da mai gida kan shekara ashirin bai leƙa ba. A can ake ganin hannun waɗanda suka gabace mu. Haɗin bututun 1915 daban, na 1955 daban, na 1985 daban, kuma sau da yawa mafi tsufan shi ya fi kyau. Wannan ne ya sa na bi tarihin abin, don in san a ina aka kwana har ƙasar da ta kai mutum duniyar wata ta cika da gidajen da ke zubar da zafinsu a banza.

Kai zafi ɗaki ta cikin kafa tsohon abu ne. Romawa sun yi shi a ƙarƙashin daɓen gidajen wankansu, mutanen Koriya ma suna da nasu mai suna ondol. A Ingila, William Strutt na garin Derby ya ɗumama masaƙarsa da iska mai zafi a 1793, daga baya aka yi wa asibitin garin irin wannan tsari. Sai dai Turai ta fi karkata ga ruwan zafi da tururi, har gobe kuwa. Amurka ce ta rungumi iska, kuma a ganina gidajen katako ne suka ja ta: bangonsu akwai rami a ciki, bututu na samun hanya ba tare da an fasa komai ba.

Tanderun ƙarshen ƙarni na 19 wata ƙatuwar tukunya ce ta ƙarfen zubi, an yi mata riga ta kwano, iska na ɗaukar zafi a tsakanin tukunya da riga. Daga kansa bututu takwas ko goma ke fita, masu faɗin inci goma ko goma sha biyu, kowanne ya nufi ɗakinsa. Saboda wannan siffa Amurkawa suka laƙaba masa sunan dabbar tekun nan mai hannu takwas. Ba fanka, ba lantarki. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta hau da kanta, mai sanyi kuma ta sauko ta wata babbar raga da ke daɓen falo ta koma tanderu. Da yake ba abin da ke tura ta, dole a lallaɓa ta. Kowane bututu sai ya tashi sama a hankali, ba lanƙwasa mai kaifi, kuma ɗakin da ya fi nisa ko yake fuskantar iskar arewa sai a ba shi mafi faɗi. Maƙerin da ya kuskure lissafi, daren sanyi na farko zai tona shi: ɗaki ɗaya ya yi zafi, na kusa da shi a kwana ana rawar ɗari, kuma mai gida ya san ƙofar shagon da zai ƙwanƙwasa.

Masu wannan aiki maƙeran kwano ne, su ke yin indararo da rufi da bokitai. A 1888 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Toledo, nan cikin Ohio. Yaro kan yi shekara huɗu ko biyar a hannun maigida kafin a sake shi. Babban abin da yake koya shi ne zane: yadda za a shata shimfiɗaɗɗen kwano da kamfas da rula, a yanka, a naɗe, ya fito gwiwa ko mazurari, bakin nan ya shiga bakin can ba tazara. Akwai wani ɗinki da ake kira da sunan garin Pittsburgh, inda ake lanƙwasa gefen kwano ya zama aljihu, a cusa gefen ɗayan, a kwantar da leɓen da guduma. Wanda na koyi aiki a hannunsa, wani dattijo jikan mutanen Poland, ya fito daga irin wannan shago. Idan ya ga tsohon haɗi mai kyau sai ya tsaya ya shafa shi da tafin hannu kafin mu wuce. Bayan ɗinki, mutanen wancan zamani suna naɗe haɗin da farar takardar asbestos da suka jiƙa da kwaɓin fulawa. Ta riƙe shekaru aru-aru, amma yanzu an san ƙurarta na jawo cutar huhu da daji. Wanda ya ga farar takarda a tsohon bututu kada ya kankare ta, akwai masu lasisin cire ta.

Kada a ɗauka zamanin nan aljanna ne. Tanderun na cin kwal da yawa, rabin zafin ko fiye na bin bututun hayaƙi ya fice, ga toka, ga tashin asuba don ƙara wuta. Tukunyar zubi kuma kan tsage ta saki hayaƙi cikin ɗakuna, abin da ya sa tanderun ƙarfe mai ɗinkin ƙusa da Dave Lennox ya fara ƙerawa a Marshalltown ta jihar Iowa a 1895 ya samu kasuwa. Amma ta fuskar yoyo, tsohon tsarin na da sauƙi biyu. Iskar ba ta da ƙarfin da za ta kutsa ta ƙananan ramuka, kuma abin da ya tsere ɗin ma a ƙarƙashin daɓen gidan ya tsere, zai hau ya ɗumama ƙafar mai gida.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1919 wata Baƙar Ba'amurkiya daga New Jersey, Alice Parker, ta samu rajistar ƙirƙira ta tanderun gas da za a iya daidaita zafin kowane sashe na gida dabam, ko da yake ba a kai ga ƙera shi don sayarwa ba. A shekarun 1920 ƙungiyar masu sana'ar da Jami'ar Illinois suka gina gida sukutum a garin Urbana don gwaji kawai, suna auna zafin ɗakunansa suna fitar da jadawalin girman bututu. A shekarun 1930 kuma fankar lantarki ta shiga cikin tanderu.

Fankar nan alheri ce, ba mai musu. Bututu ya sirance, ya kwanta a miƙe, ya sha kwana yadda aka ga dama, aka sa matatar ƙura, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya zama wurin da mutum zai miƙe tsaye bai buga kai ba. Amma ta zo da abu biyu da ba a lura da su ba. Na farko, tana rufa wa maƙeri asiri: ko lissafi bai fita ba, ƙarfin fanka zai tura wani abu ya isa ɗaki, mai gida ya ji ɗumi ya biya. Na biyu, ta mayar da kowace tsaga ƙofa. A ɓangaren da take hurawa, iskar da aka sha wahalar ɗumamawa na fita ta kowane rami. A ɓangaren da take zuƙa, duk abin da ke kusa da ramin yana shiga, ƙura ce, danshi ne, ko warin fentin da aka ajiye. Wato a daidai lokacin da haɗi ya fi bukatar kulawa, a lokacin ne dalilin kulawar ya ragu.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo salatif. A 1943 wata mata mai suna Vesta Stoudt tana aikin shirya akwatunan harsashi a wata masana'antar makamai a Illinois, 'ya'yanta biyu suna sojan ruwa. Akwatunan ana liƙe su da salatif na takarda a tsoma a kakin zuma, kuma ɗan kunnen da soja zai ja ya buɗe yakan tsinke a hannunsa, ga abokan gaba na harbi. Ta ba da shawarar a yi na yadi wanda ruwa ba ya ratsawa, shugabanninta suka yi biris. Sai ta rubuta wa Shugaba Roosevelt wasiƙa. Maganar ta isa hukumar da ke kula da kayan yaƙi, aka ba kamfanin Johnson & Johnson aikin, aka fito da salatif mai launin kakin soja: yadi a tsakiya, gam na roba a ciki, abin hana ruwa a baya, ana yaga shi da hannu ba sai da almakashi ba. Sojoji suka liƙe komai da shi, daga tanti har mota. Matar nan ta yi abin kirki, kuma abin da aka yi da salatif ɗinta daga baya ba laifinta ba ne.

Da aka gama yaƙi sojoji suka dawo, ga aure, ga rancen gida mai sauƙi daga gwamnati. A 1950 kaɗai an fara gina gidaje kusan miliyan biyu a ƙasar. Parma, da ke kudu da Cleveland, ba ta kai mutum dubu 30 ba a 1950, amma a 1960 ta haura dubu 80. Wa zai jira yaron da ke shekara biyar yana koyon zane? Masana'anta ta riƙa buga bututu da gwiwoyi a shirye, aikin da ya rage shi ne a cusa wannan cikin wancan a wuce gida na gaba. Aka sauya wa salatif ɗin soja launi ya koma ruwan azurfa don ya dace da kwano, aka riƙa sayar da shi da sunan bututun. A nan Cleveland ma aka yi ɗaya daga manyan kamfanoninsa, Manco, wanda Jack Kahl ya ɗaukaka daga shekarun 1970, har garin Avon da ke kusa da mu ya shekara da shekaru yana yi wa salatif ɗin biki. A 1970 'yan sama-jannatin Apollo 13 sun haɗa matatar iskar da ta ceci rayukansu da shi. Bayan wannan, wa zai yarda cewa akwai abin da ba ya iyawa?

A kudanci da yammacin ƙasar abin ya fi muni, domin gidajen can yawanci ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Aka kai bututu saman silin, wurin da da rani zafinsa kan kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, da sanyi kuma ba shi da bambanci da waje. Na'urar sanyaya ɗaki ta zo ta hau wannan bututun, ya zama yoyon na shekara ne cur. Daga baya aka fito da bututu mai lanƙwasa, leda a kan murɗaɗɗiyar waya, an lulluɓe da audugar gilashi. Idan aka miƙe shi aka ɗaure da kyau yana aiki, sai dai sauƙinsa ya sa kowa ya zama gwani. Na ga wanda aka rataye da igiya ɗaya ya lotsa, na ga wanda aka taka ya baje, na ga wanda aka bar shi a naɗe don an ƙi yanke rarar. Wata dabarar rage kuɗi kuma, maimakon a sa bututun mayar da iska, sai a buga kwano a ƙarƙashin katakon daɓe biyu a ce ramin tsakaninsu shi ne bututu. Ramin nan ko'ina a buɗe yake, ta wurin wayar lantarki da famfo. Ba na ɗora wa leburori laifin duka. Ana biyan ɗan kwangila gida-gida, gas na da arha, mai duba gini ba shi da abin awo sai idonsa, kuma da an buga silin magana ta ƙare. Aikin ganin ido ya samu wurin zama.

Tsadar mai ce ta farkar da mutane. Bayan takunkumin man Larabawa na Oktoban 1973, ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa shirin gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi don rage musu kuɗin ɗumama gida, kuma daga wannan shiri sana'a irin tawa ta samo asali. Da farko tagogi da bakin ƙofa aka yi ta liƙewa, don nan ne hannu ke jin iska. Sai masu bincike na Jami'ar Princeton, da suka ɗauki shekaru suna auna gidaje a Twin Rivers ta New Jersey, suka nuna cewa manyan ramukan suna ɓoye ne a saman silin da cikin bango. Kayan aikinsu wata babbar fanka ce da ake kafawa a bakin ƙofa ta zuƙe iskar gida, a auna yawan da ke shigowa. Bututu kuwa sai a ƙarshen shekarun 1980 aka waiwaye shi sosai, a Florida, inda John Tooley da James Cummings da abokan aikinsu suka gano cewa da an kunna fankar na'ura, iskar waje da ke kutsowa gida sai ta ninka. Dalilin a fili yake: iskar da ta tsere a saman silin dole a maye gurbinta, gidan sai ya zuƙo ta waje ta kowace kafa. A farkon shekarun 1990 kamfanin Gary Nelson na Minneapolis ya fito da ƙaramar fankar awon bututu. Ana toshe duk ragogin ɗakuna, a hura bututun zuwa faskal 25, matsin da bai wuce ya ɗaga ruwa milimita biyu da rabi ba, a karanta yawan iskar da ke zurarewa. A wurina wannan ce ranar da sana'ar ta dawo hayyacinta, domin an sake samun abin da zai tona maƙeri.

Hukuncin salatif ya zo a 1998. Max Sherman da Iain Walker na cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Kalifoniya suka jera haɗe-haɗen bututu, suka liƙe su da kayan liƙi iri-iri, suka riƙa hura musu iska mai zafi da mai sanyi bi da bi. Sauran kayan suka riƙe. Salatif mai yadi da gam na roba shi ya riƙa saki, wani cikin 'yan kwanaki. Zafi na busar da gam ɗin, yadin ya motse, ya bar baƙin shati a jikin kwano ya rataya. Ba a daɗe ba Kalifoniya ta hana amfani da shi shi kaɗai a haɗin bututu. A wannan cibiya kuma Mark Modera ya ƙirƙiro hanyar toshewa daga ciki: a hura hazon gam cikin bututu, ƙwayoyinsa su taru a bakin kowane rami har ya rufe, dabarar da ake sayarwa da sunan Aeroseal. Tana da amfani inda bututu ya shige bango hannu ba ya kaiwa, amma da tsada, kuma ba ta mayar da bututun da ya cire. Kundin ƙa'idar gini na 2009 ya wajabta awon bututu a sabbin gidaje idan ya bi ta wajen da ba a ɗumamawa, sai dai kowace jiha da lokacin da ta karɓa, tsofaffin gidaje kuma suna nan yadda suke. Har yanzu ƙiyasin shirin Energy Star na gwamnati shi ne gida na yau da kullum na asarar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututunsa.

Gyaran kansa ba wani sihiri. A fara da haɗa abin da ya rabu, a ɗaure da sukuru uku a kowane haɗi mai zagaye, don abin liƙi ba aikinsa ba ne ɗaukar nauyi. A goge ƙura. Sannan a shafa mastik, wani kwaɓaɓɓen farin gam da ke zuwa a bokiti, a shafa shi da kauri, da buroshi ko da hannu cikin safa. Inda tsagar ta yi faɗi a shimfiɗa ragar zaren gilashi a bi ta da mastik. Bututu mai lanƙwasa kuma ledar ciki ake jawowa kan bakin kwano a matse da maɗauri, kafin a mayar da rigar waje. Idan dole sai salatif, a nemi na alminiyom mai tambarin UL 181. Wuraren da suka fi yoyo su ne jikin tanderun kansa, ramin matata, da inda bakin bututu ya haɗu da daɓe ko silin. Baƙin shatin ƙura a jikin audugar gilashi alama ce, a ƙarƙashinsa ramin yake.

Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, direban babbar mota, ya taɓa kirana. Ɗakin yaransa na bene ba ya ɗumi, kuɗin gas na hawa, wani ya zo ya ce masa sai ya sayi sabon tanderu. Tun daga waje na ga dusar ƙanƙara ta narke a gefe ɗaya na rufin, sauran fari fat. Na hau saman silin na tarar bututun ɗakin ya cire gaba ɗaya, busasshen salatif na lilo a bakinsa, kuma a kansa akwai wani sabo da wani ya ƙara, gyaran gangar Auzinawa. Na sauko na ce masa, "Alhaji, tanderunka lafiya lau, tsuntsayen unguwa kake ɗumamawa." Kafin la'asar aka gama, da maɗauri da rabin bokitin mastik.

Akwai wurin da ban yarda mai gida ya yi wa kansa ba. Idan bututun mayar da iska na yoyo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yana iya zuƙar iskar ɗakin har ya juyo da hayaƙin tukunyar ruwan zafi cikin gida, kuma a cikin hayaƙin nan akwai kabon monoksaid, ba launi ba wari, yana kisa cikin barci. Toshe wani ɓangare a bar wani na iya sauya matsin gidan ta yadda ba a zata ba. Shi ya sa ma'aikacin kirki ke gwada jan hayaƙin kafin ya fara da bayan ya gama.

Don haka 'yan uwa da ke sayen gida ko haya a Amurka da Kanada, kafin a yarda da mai cewa a sauya tanderu, a sa ya auna bututu, ya rubuta lambar kafin gyara da ta bayansa, a kuma kafa na'urar gargaɗin kabon monoksaid kusa da ɗakunan kwana. Masu sa bututun sanyi a otal-otal da bankuna da asibitocin Abuja da Kano su ma abin ya shafe su, don iskar da janareto ya ƙona dizal ya sanyaya haka take zurarewa a saman silin. Mai gini ya hau tsani ya duba kowane haɗi kafin a rufe silin, idan ya ga salatif mai yadi ya sa a cire.